INA ZA A KAI ƘANANAN YARA WASAN RUWA?

Kowane malamin makaranta ya san yadda aji yakan zama a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, yara suna ta hamma, ba mai sauraron lissafi. Ya kuma san inda rabinsu za su nufa da an kaɗa ƙararrawar tashi, in dai akwai rafi ko madatsa kusa da gari. Da damina kuwa ba sai sun yi nisa ba, ga kududdufi nan a bayan gida. Yaro da ruwa ba a raba su. Tun yana rarrafe, in ya ga ƙwarya da ruwa sai ya tsoma hannu, in hadari ya zubo kafin uwa ta waiwaya ya tuɓe ya yi waje. Tsawa ba ta hana shi, bulala ma iyakarta yini ɗaya. Tun da yake hani ya gagara, abin da ya rage ga iyaye da malamai da masu riƙon gari shi ne su san irin ruwan da za su bar yaro ya shiga.

Maganar ba ƙarama ba ce. A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021 kaɗai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Kada wani ya zaci abin na ƙasashen matalauta ne kawai. A Amurka, inda ake da likitoci da motocin asibiti ko'ina, babu abin da ya kai nutsewa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, ko cuta, ko haɗarin mota.

Dalili kuwa a fili yake. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi in an gwada da sauran jikinsa, saboda haka in ya faɗi rub da ciki a ruwa, ɗagowa takan gagare shi. Ba ya kururuwa, ba ya fafutuka yadda babba ke yi, gama bakin da zai yi kukan yana cikin ruwa. Zurfin inci 2 ya isa, mintoci kaɗan sun isa. Bokiti ma ya ci yaro, balle tafki.

Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin yadda biranen Amurka da Turai suka yi fama da wannan al'amari, da dabarar da suka tsaya a kanta, da kuma sabuwar matsalar da dabarar ta haifar. Akwai 'yan'uwanmu da yawa a can, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, har a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok mutum yakan ji ana Hausa a bakin titi, ta mutanen Nijar da ta zangunan Ghana. Su maganar ta shafe su kai tsaye. Mu na gida kuma ba za mu rasa abin tsinta ba.

YADDA NIYU YOK TA FARA

Niyu Yok birni ne mai tsananin sanyi da hunturu, amma daga watan Yuni zuwa Agusta zafinsa ba ya raga wa kowa, balle talakawan da ke cunkushe a ɗakunan haya na benaye. Yaransu sai su riƙa tsalle daga kan gadojin jiragen ruwa suna faɗawa kogi, ana ta asarar rayuka. A shekarar 1870 hukumar birnin ta buɗe wuraren wanka na kyauta a kan kogunan nan biyu da suka sa tsibirin Manhattan a tsakiya. Wani irin gini ne na katako mai yawo a bisa ruwa, an ɗaure shi a gaɓa, tsakiyarsa kamar babban akwati mai tsaga-tsaga, ruwan kogi yana ratsawa amma mutum yana da wurin taka ƙafa. An raba ranaku, wasu na maza, wasu na mata. Jama'a suka yi ta tururuwa. Sai dai da birnin ya ƙara cika, ƙazantar gari duka ta koma kogin, ruwan da ake kai yara don lafiya ya zama shi ne cuta, tilas aka bar wannan hanya.

Babban yunƙuri ya zo a 1936. A lokacin Amurka tana cikin matsin tattalin arziki, mutane miliyoyi ba su da aiki, gwamnatin Shugaba Roosevelt tana ɗaukar marasa aiki tana sa su gine-ginen amfanin jama'a. Magajin garin Niyu Yok, Fiorello La Guardia, da shugaban ma'aikatar lambunan birnin, Robert Moses, suka yi amfani da wannan dama, suka buɗe manyan tafkunan ninƙaya guda 11 cikin 'yan makonni. Na unguwar Astoria tsawonsa ƙafa 330, faɗinsa ƙafa 165, watau ya yi kusa da girman filin ƙwallo. Abin ya zo a kan gaɓa, gama a ran 9 ga Yuli na shekarar nan zafi ya kai digiri 106 a ma'aunin Amurkawa, wajen 41 ke nan a namu, kuma har yau ba a taɓa auna wanda ya fi shi a tsakiyar birnin ba.

A gefen irin waɗannan manyan tafkuna akan yi wa ƙanana nasu, marar zurfi. Amma ko shi bai raba gardama ba. Ruwa ne kwance, dole a sa mai tsaro, dole a zubar a sake cikawa, kuma mun riga mun faɗi abin da inci 2 ke iya yi. Shi ya sa a birane da yawa aka riƙa cike su ana mai da su wani abu dabam.

Yaran unguwa su ne suka nuna hanya, ba da saninsu ba. A titunan Niyu Yok akwai famfunan ƙarfe na 'yan kwana-kwana, inda suke jona tiyo in gobara ta tashi. Ranar da zafi ya yi zafi sai samari su samo sifana su kwance famfon, ruwa ya yi ta ambaliya a titi, yara suna tsalle a ciki. Daɗi kam akwai daɗi, amma ɓarnar ba kaɗan ba ce. Famfo ɗaya yakan zubar da galan 1,000 ko fiye a minti guda, kimanin jarka 150 ke nan irin ta 'yan garuwa. Ƙarfin ruwan yana iya tunkuɗa ƙaramin yaro gaban mota, kuma in gobara ta tashi a unguwar sai a tarar ruwa ba shi da ƙarfi. An yi ta hani da tara, ba a daina ba. Daga baya hukuma ta yi wa kanta ƙiyamul laili, ta ƙera wani murfi mai ƙananan huji kamar rariya, wanda in an ɗaura shi a bakin famfon ruwa ke fita tsiri-tsiri, galan 20 zuwa 25 a minti, jarka huɗu kacal. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya zuwa ofishin 'yan kwana-kwana na unguwarsu da katin shaidarsa ya nema, su zo su ɗaura, kyauta. A ganinmu wannan murfi ya cancanci ma'aikacin hukuma ya tsaya ya yi tunani a kansa. Abin da doka ta kasa kashewa, dabara ta rage ɓarnarsa zuwa kashi ɗaya cikin 40.

RUWA BA ZURFI

Abin da murfin nan ya yi a titi, shi aka gina a lambunan gari, ya zama wurin da a nan za mu kira dandalin feshi. Fili ne na kankare ko na wata irin roba, an ɗan karkata shi zuwa magudana, an binne bututu a ƙarƙashinsa. Ruwa yana tsartowa daga ƙasa, ko ya zubo daga bisa kamar yayyafi, ko ya cika wani guga da ke rataye har ya rinjaya ya kife a kan yara. Da ya taɓa ƙasa sai ya bi magudana ya wuce, ba ya kwanciya. Yaro zai jiƙe sharkaf, ya sha sanyi, ya yi ta ihu, amma babu inda zai nutse. A wurare da yawa akwai maɓalli a jikin wani ginshiƙi, sai an danna ruwa ke fitowa na 'yan mintoci, don kada ya yi ta zuba ba kowa. Yawancinsu na hukumar gari ne, ba a biyan ko kwabo.

Niyu Yok tana da ɗaruruwansu a filayen wasan yara, kuma ƙa'idarta ita ce a kunna su ranar da zafi ya kai digiri 80 nasu, watau wajen 27 namu. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai yi dariya, gama shi a digiri 27 yana neman mayafi da asuba. Kowa dai da ruwan da ya dake shi.

Wasu biranen sun mai da abin ado. A Shikago, cikin 2004, wani magini ɗan ƙasar Sifen mai suna Jaume Plensa ya tsara hasumiya biyu na tubalin gilashi, kowace tsayinta ƙafa 50, suna fuskantar juna. A jikinsu ana nuna hotunan fuskokin mutanen gari wajen 1,000, ɗaya bayan ɗaya, in an jima sai fuskar ta tsuke baki, ruwa ya tsarto daga bakin. Tsakanin hasumiyoyin akwai shimfiɗar baƙin dutse mai tsawon ƙafa 232, ruwan da ke kanta bai kai rabin inci ba. A birnin Bordeaux na Faransa kuma, tun 2006, akwai fili mai faɗin murabba'in mita 3,450 wanda ruwa ke rufewa da zurfin santimita 2, sa'an nan ya janye, hazo ya taso. A Landan, a dandalin Granary da ke unguwar King's Cross, bakin feshi 1,080 ne a jere a ƙasa.

Landan ɗin ta kuma ba da darasi na wani fanni. A watan Yuli na 2004 Sarauniya Elizabeth ta buɗe wata magudanar ruwa ta dutse a lambun Hyde Park don tunawa da Gimbiya Diana. Jama'a suka shiga da yaransu suna tafiya a ciki. Ba a yi wata guda ba mutum uku suka zame suka faɗi har aka kai su asibiti, dole aka rufe wurin, aka sassaƙa dutsen ya yi kaushi kafin a sake buɗewa. Dutse mai sulɓi yana da kyaun gani, amma ƙafar yaro jiƙaƙƙiya kaushi take so.

CUTAR DA BA A GANI

To, a nan ne muke so masu karatu su dakata. An raba yaro da zurfi, amma ba a raba shi da ruwan ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Dandalin feshi iri biyu ne. Akwai wanda ruwansa daga famfon gari yake zuwa, ya taɓa yara sau ɗaya ya wuce. Wannan yana cin ruwa da yawa, amma ruwan mai tsabta ne. Akwai kuma wanda ruwansa ke gangarawa cikin tanki a ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a sa masa maganin kulorin, a sake turo shi. Wannan yana tattalin ruwa, sai dai duk abin da ya wanku daga jikin yaro ɗaya yana iya komowa bakin wani, in mai kula da tankin ya yi sakaci. Masu zuwa wurin kuwa su ne 'yan shekara 1 zuwa 5, waɗanda ba su gama sanin bayan gida ba, masu zama a kan bakin feshi da nafkin a gindi, masu buɗe baki su tari ruwa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara lissafi daga 1997 zuwa 2022, ta fitar a ƙarshen 2024. Ta sami ɓarkewar cuta sau 60 da aka danganta da dandalin feshi, mutum 10,611 suka kamu, aka kwantar da 152 a asibiti. Kashi 91 cikin 100 na masu ciwon ƙwayar cuta guda ce ta kama su, wadda likitoci ke kira kiriftosforidiyam. Tana sa gudawa mai ruwa-ruwa wadda kan yi mako biyu ko fiye, abin da ke iya ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro. Muguntarta ita ce tana da ɓawo mai tauri, har takan yi fiye da kwana 7 da rai a cikin ruwan da aka sa wa kulorin daidai ƙa'ida, alhali yawancin ƙwayoyin cuta mintoci suke yi su mutu. A 2005, a wani lambun gwamnati da ke bakin tafkin Seneca a jihar Niyu Yok, fiye da mutum 2,000 suka kamu da ita daga dandali ɗaya. Bayan wannan ne jihar ta tilasta wa masu irin wannan tanki su riƙa bi da ruwan ta gaban wata fitila ta musamman wadda haskenta ke kashe ƙwayar.

Akwai wadda ta fi wannan muni, ko da yake ba ta cika aukuwa ba. Wata ƙwaya ce da ke son ruwa mai ɗumi wanda ba shi da isasshen magani. Shan ta ba ya yin kome, amma in ruwa ya shiga da ita ta hanci takan haura ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. A watan Satumba na 2021 ta kashe wani yaro ɗan shekara 3 a garin Arlington na jihar Texas, bayan ya yi wasa a dandalin feshi na hukumar gari. Da aka bincika littafin da ma'aikata ke rubuta awon ruwa, sai aka tarar da ranaku da dama ba a rubuta kome ba. Muna roƙon duk wanda aikinsa ya haɗa da cika irin wannan littafi, na rijiya ne ko na tanki ko na asibiti, ya sake karanta wannan jimla. Layin da akawu ya tsallake don gajiya, wani gida ne ya biya.

Abin da likitocin suka ce iyaye su yi ba shi da wuya. Yaron da ke gudawa kada a kai shi, in kuma an tabbatar ƙwayar nan ce, a jira mako biyu bayan ta tsaya. A hana yara shan ruwan, a hana su zama ko tsayawa a kan bakin feshi. Kowace awa a fitar da su a kai su bayan gida, a duba nafkin, a kuma canza shi nesa da ruwan. Nafkin ɗin da ake sayarwa da sunan na wanka yana riƙe kashi mai tauri, amma ƙwayar cuta ratsa shi take yi.

MANYAN WURAREN BIYA

Dabam da dandalin unguwa, akwai manyan wuraren wasan ruwa na 'yan kasuwa, masu dogayen magangaru na zamiya, da tafki mai injin tayar da igiyar ruwa, da rafin da aka gina yana kewaya wurin. Wanda aka fi ɗauka shi ne na farko a cikakkiyar siffa shi ne Wet 'n Wild, wanda George Millay ya buɗe a Orlando ta jihar Florida a 1977, aka rufe shi a ƙarshen 2016. Yanzu sun bazu ko'ina, daga Amurka har Dubai, wasu ma a cikin rufaffen gini don a yi wasa ko da ƙanƙara tana zuba a waje.

Ra'ayinmu shi ne, mai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 5 ba shi da babbar riba a nan. Zai biya kuɗi mai yawa, sa'an nan a ƙofar kowace babbar magangara ya tarar da sandar awo, yawanci inci 48, watau ƙafa 4, wanda bai kai ba ba ya hawa. Ƙarshenta a ɓangaren ƙanana za su yini, wanda bai fi dandalin unguwa na kyauta da kome ba sai cunkoso. Kada kuma uba ya roƙi mai tsaro ya ɗaga wa ɗansa ƙafa a wurin awon nan, gama ba don ƙeta aka sa shi ba: an lissafta gudu da nauyin mai zamiya ne, wanda bai kai ba ruwa yana iya ɗaga shi. Ko inda aka bi awon ma, in ginin kansa da aibi ba a tsira ba. A birnin Kansas an gina wata magangara mai tsayin ƙafa 168, aka buɗe ta a 2014 ana alfahari ta fi kowace tsayi a duniya. A watan Agusta na 2016 ta kashe yaro ɗan shekara 10, aka rufe ta, aka rushe a 2018.

Wurin da ya fi haɗari ga ƙarami shi ne tafkin igiyar ruwa, domin kawuna sun yi yawa, ruwa yana hawa yana sauka, mai tsaro ba ya iya ganin kowa. In za a shiga, a sa wa yaro rigar ceto ta ainihi wadda ake ɗaurewa a ƙirji. Balan-balan ɗin nan da ake hurawa a zura a damtse abin wasa ne, yakan sace ko ya zame.

YADDA AKE NEMA DA ZAƁA

Wanda ke zaune a ɗaya daga biranen nan, ma'aikatar lambuna ta gari ita ce wurin tambaya na fari. Kusan kowace tana da jerin dandalinta da taswira a intanet, da ranakun buɗewa, waɗanda a yawancin Amurka sukan kama daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. A Niyu Yok ana iya buga lamba 311 a tambaya. Amma taswira ba ta faɗin wanda ya lalace tun bara, saboda haka maƙwabciya mai ƙananan yara ta fi ta sani. Matambayi ba ya ɓata.

In an je, kafin a tuɓe wa yaro riga, babba ya kewaya wurin tukuna. Ya duba ko ruwa yana wucewa ko ya taru a wani gefe, gama taruwa alama ce magudana ta toshe, kuma amfanin wurin duka ya tafi ke nan. Ya taka ƙasan da tafin ƙafarsa ya ji sulɓi da zafi, domin kankare da roba sukan yi zafin da zai sale ƙafar jariri, shi ya sa hantsi da la'asar suka fi tsakar rana, takalmin roba kuma yana da amfani. Ya ga ko akwai inuwa, da bayan gida kusa, da shinge tsakanin wurin da titi. In akwai ma'aikaci, ya tambaye shi ko ruwan na wucewa ne ko na tanki, in na tanki ne sau nawa ake awonsa a yini. Wanda ke yin aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wani abu da mutane da yawa suka ɗauka a baibai shi ne warin magani. Sukan ce wurin da ke tashin warin kulorin shi ne mai tsabta. Ba haka ba ne. Ruwan da maganinsa ya yi daidai ba ya wari sosai. Warin nan mai sa ido ja yana tasowa ne sa'ad da kulorin ya gamu da fitsari da gumi, watau maganin ya ƙare a kan ƙazanta ke nan.

Sa'an nan tsaro. A yawancin dandalin feshi ba a sa mai ceto, tun da babu zurfi, saboda haka idon iyaye shi ne kaɗai. Inda kuma akwai tafki, ƙa'idar likitocin yara ita ce babba ya kasance inda in ya miƙa hannu zai taɓa yaron. In manya suna da yawa, a naɗa mutum ɗaya a ce kai ne mai kallo na minti kaza, ya ajiye waya, ya bar hira, in lokacinsa ya cika ya miƙa wa wani baki da baki. Yaro ya fi nutsewa a taron da kowa ke zaton wani na kallo.

A NAN GIDA

Tambayoyin nan duka suna aiki a garuruwanmu, inda otal-otal da wuraren shaƙatawa masu tafkin ninƙaya suke ƙaruwa, kuma sukan cika maƙil a ranakun Salla. Sau da yawa yara su kaɗai ke zuwa da kuɗin barka da Salla, an damƙa ɗan shekara 3 a hannun yayarsa 'yar shekara 9, ita ma wasan ne ya kawo ta. Wannan ba riƙo ba ne. In babba ba zai sami zuwa ba, gara a ɗage tafiyar.

Yawancin yaranmu kuwa ba su san otal ba, kududdufi suka sani. Shi kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, saboda haka ƙasansa ba daidai yake ba: nan iyakar gwiwa, taki ɗaya gaba ya shanye babba. Ga kuma tsargiya. Tsutsarta tana girma ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwa kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya, har a wasu ƙauyuka an daɗe ana ɗaukar jinin nan alamar balaga ce. Cuta ce, tana da magani, ƙwayar firazikwantel da ake rabawa a makarantu, amma yaron da ya sha ya koma kududdufi zai sake ɗauka. A zamanin En'e duba-gari yakan bi gida-gida yana leƙa randa da kwata. Yau aikin yana wuyan ƙananan hukumomi, kududdufan kuma suna nan.

Ba mu ce garin da mata ke kwana a layin famfo ya bar ruwan sha ya gina wurin wasa ba, wannan zai zama wauta. Amma makarantu da unguwanni da yawa yanzu suna da rijiyar burtsatse da injin hasken rana da tanki a bisa, kuma da tsakar rana tankin yakan cika har ya riƙa tumbatsa yana zuba a ƙasa. A irin wannan wuri abin da ake bukata kaɗan ne: ɗan daɓen siminti mai kaushi wanda aka karkata, da bututu guda da aka huhhuda aka ɗaga a kan ginshiƙi biyu, da makunni a hannun malami. In aka bi awon murfin Niyu Yok, rabin awa zai ci lita wajen 2,800, kusan tanki ɗaya, in an rage hujin kuma ya ci rabin haka. Ruwan burtsatse ba shi da katantanwa, ba a mai da shi tanki balle ya ɗauko cutar wani, ba ya kwanciya balle sauro ya yi ƙwai. Daga bakin daɓen sai a ja ƙaramar kwata ta kai shi gindin mangwaro da darbejiyar da 'yan makaranta suka dasa, waɗanda dā ma da bokiti ake ba su ruwa.